Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Shugabannin NURTW: A Koya wa Direbobinmu Abin Yi Idan Hatsari Ya Auku

Zuwa ga shugabannin ƙungiyar direbobi ta NURTW na jihohin Arewa, da ciyamomin tashoshin mota, da dattawan direbobi.

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku da dukan direbobin da ke ƙarƙashinku, ina neman izini in yi magana a gabanku a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Ni ma'aikacin jinya ne a sashen taimakon gaggawa na wani asibiti da ke kusa da babbar hanya. Yawancin mutanen da ake kawo mana daga wurin hatsari ba motar asibiti ce ke kawo su ba. 'Ya'yanku ne ke kawo su: a kujerar bayan Sharon, a ƙasan bas tsakanin kujeru, a bayan akori-kura, wani lokaci a cikin A-daidaita-sahu. Direba zai sauke fasinjojinsa a bakin titi, ya haƙura da kuɗin lodin ranar, ya bari jinin mutumin da bai taɓa gani ba ya ɓata masa mota, ya kawo shi ƙofarmu, sau da yawa ko sunansa ba ya tsayawa ya faɗa. Ban taɓa jin an kira taro an gode wa waɗannan bayin Allah ba. Ni dai ina gode musu, kuma ta hannunku nake aika godiyar. Allah Ya saka musu da alheri.

To, wannan alherin nasu shi ne dalilin wasiƙata. Tunda direba ne ke fara isa, mintunan farko a hannunsa suke, kuma a cikinsu ne ake samun rai ko a rasa shi. Mutumin da numfashinsa ya tsaya, ƙwaƙwalwarsa kan fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6. Wanda babbar jijiyar cinyarsa ta yanke yana iya cikawa kafin a gama kiran waya. Babu motar asibitin da za ta isa tsakiyar dajin da ke tsakanin Potiskum da Damaturu, ko tsakanin Funtuwa da Gusau, a cikin wannan ɗan lokaci. Wanda zai isa shi ne direban da ke biye, da yaron motarsa, da fasinjojinsa. An koya musu giya da birki, an ba su lasisi, amma ba wanda ya zaunar da su ya nuna musu yadda za su yi da mutumin da ke kwance a kan kwalta. Roƙona ke nan: ƙungiya ta ɗauki wannan koyarwa ta mai da ita aikinta, a cikin tasha, da Hausa.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce mutum kusan miliyan 1.19 ne ke mutuwa a hatsarin hanya kowace shekara, kuma hatsarin ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29. Idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ce ta fi kowace nahiya asara, alhali ita ce mafi ƙarancin motoci. Amma ku ba sai an karanta muku alƙaluma ba. Ku sunaye kuka sani. Babu tashar da ba ta da marayun direbanta.

Bari in faɗi abin da nake so a koya, kamar yadda zan faɗa wa ƙanena da a ce direba ne.

Abu na farko ba gudu zuwa wurin mai rauni ba ne, hana hatsari na biyu ne. Ka faka motarka gaba da wurin, can a gefen hanya, ka kunna fitilun gargaɗi. Ka tura mutum biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, su ajiye jan alamar nan mai kusurwa uku da nisa, taku 100 ko fiye in kwana ce ko gangara, domin tirela mai kaya ba ta tsayawa nan take. In dare ne su riƙe tocila, su tsaya a gefen titi ba a tsakiyarsa ba. Ganyen da muka saba zubawa ya fi babu, sai dai da daddare ba a hango shi da wuri, kuma duk wanda ya zuba ganye ko ya jera duwatsu, wajibinsa ne ya kwashe kafin ya tafi. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ce gusar da abin cutarwa daga hanya sadaka ne. To ina ga wanda ya ajiye dutse a hanya da hannunsa ya tafi ya bar shi? Daga nan a kashe injin motar da ta yi hatsari, a ja birkin hannu, a sa wa taya dutse in tana iya gangarawa, a hana kowa kunna ashana ko taba.

In tanka ce ta faɗi, ko ka ji warin fetur ya cika wurin, maganar ta canza gaba ɗaya. A daren 15 ga Oktoba, 2024, tankar mai ta kife a Majiya, cikin ƙaramar hukumar Taura ta jihar Jigawa. Jama'a suka fito da bokitai da jarkoki, wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka rasu. Wata uku bayan haka, ranar 18 ga Janairu, 2025, irin wannan ta sake faruwa a mahaɗar Dikko ta jihar Neja, kan hanyar Abuja zuwa Kaduna, aka rasa fiye da mutum 80. A Yamai ma, a watan Mayun 2019, tanka ta kama da wuta kusa da filin jirgin sama, fiye da mutum 50 suka tafi. A duka ukun, yawancin mamatan ba a cikin motar suke ba; da ƙafarsu suka zo. Ba zan zargi talakan da ya ga fetur yana kwarara ya tuna tsadarsa ba, na san halin da ake ciki. Amma direba ya fi kowa sanin cewa tururin fetur, wanda ido ba ya gani, shi ne ke kamawa, kuma tartsatsi ɗaya daga bokitin ƙarfe ko injin babur ya isa. Direban da ya isa irin wannan wuri ya tsayar da motoci daga nesa, ya nemi mai unguwa ko liman ko duk wanda ake jin maganarsa, a kori jama'a. Wannan kaɗai yana iya ceton rayukan da asibiti goma ba za su iya cetowa ba.

Sai kira. Lambar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ita ce 122, ta gaggawa ta ƙasa kuma 112, duka kyauta ne. Abin da ya kamata a koya shi ne yadda ake kiran. Ka nuna mutum ɗaya da yatsa ka ce, “Malam, kai, kira 122,” domin in ka ce “a kira,” kowa zai ɗauka wani ya kira. Mai kiran ya faɗi hanyar, da garin da aka wuce da wanda ke gaba, misali tsakanin Kwanar Dangora da Tashar Yari, da hannun da abin ya faru, da motoci nawa, da kimanin mutum nawa suka ji rauni, da ko akwai wanda ya maƙale a ciki ko akwai wuta. In babu sabis, a ba motar farko da za ta wuce saƙo ta kai shingen jami'ai ko ofishin 'yan sanda mafi kusa.

Yanzu ga inda nake so in daɗe, domin a nan ne nake ganin asarar da ta fi ƙona mini rai.

Idan aka isa wurin masu rauni, zuciya takan ja mutum zuwa ga mai ihu. Amma mai ihu yana numfashi. Wanda ya yi shiru shi ne za a fara dubawa. Ka durƙusa kusa da shi, ka yi masa magana, ka taɓa kafaɗarsa. In bai amsa ba, ka kai kunnenka kusa da hancinsa da bakinsa, idonka a kan ƙirjinsa, ka ƙirga goma a hankali. Sau da yawa wanda ya suma harshensa ne ke faɗawa baya ya toshe maƙogwaro, ko jini da amai su taru a bakinsa, ka ji yana minshari ko kakari. Mutane kan ce, “Ai wannan kakarin mutuwa ne,” su ja zane su rufe shi, su jera shi da gawarwaki. Wallahi ba kowane lokaci ba ne. Wani abin da yake bukata kawai shi ne a ɗaga masa haɓa a hankali, ko a turo muƙamuƙinsa gaba ba tare da an juya wuyansa ba, a share abin da ake gani a bakinsa, iska ta shiga. Ina roƙon a sa wannan a kunnen kowane direba: kada a rufe fuskar kowa sai an tabbatar ba ya numfashi. In yana numfashi amma bai farfaɗo ba, kuma yana amai ko jini na taruwa a bakinsa, a juya shi a kan gefensa, mutum ɗaya riƙe da kai, kai da wuya da gangar jiki su juya tare kamar icce guda.

Wannan riƙon kan shi ma babbar magana ce. Akwai matasan da ke kwance yau a gidajensu, ƙafafu sun shanye, ba sa iya riƙe fitsari, kuma ba buguwar motar ce kaɗai ta kai su haka ba. Ƙashin wuya ko na baya ya tsage a hatsarin, amma lakar da ke cikinsa ba ta yanke ba, sai da aka zo taimako: wani ya kama hannu, wani ya kama ƙafa, kai yana reto, aka naɗe shi aka cusa a kujerar baya. Masu taimakon da zuciya ɗaya suka yi, ba su sani ba ne. Saboda haka duk wanda ya ce wuyansa ko bayansa na ciwo, ko ya ce ba ya jin ƙafafunsa, ko ya suma, a ɗauka ƙashin bayansa ya taɓu. In ba wuta ko ruwa ko wata mota ke barazana ba, kada a yi gaggawar ɗaga shi. In dole sai an ɗauka, a nemo abu mai ƙarfi, shimfiɗaɗɗe, ko ƙyaure ko katako ko faffaɗan benci. Mutum huɗu su ɗaga tare, wanda ke riƙe da kai shi ne mai ba da umarni, a tare gefen kan biyu da naɗaɗɗen zane. Wanda ya maƙale tsakanin sitiyari da kujera kada a fizgo shi da ƙarfi. A riƙe masa kai, a danne inda yake zubar da jini, a jira masu kayan yanka ƙarfe in dai babu wuta. Ɗan acaɓa kuma kada a cire masa hular kwano, sai in ita ce ke hana shi numfashi.

Jini kuwa maganinsa a bakin hanya ɗaya ne: dannawa. A sami ƙyalle mafi tsabta da ke kusa, ko rawani ko ɗankwali ko mayafi, a naɗe, a ɗora a kan raunin, a danna da ƙarfi da tafin hannu, a ci gaba da dannawa. Kada a riƙa ɗagawa ana leƙawa. In ya jiƙe a ƙara wani a kansa. In babu safar hannu, a zura hannu a leda. In hannu ne ko ƙafa, jinin yana tsartuwa, dannawa ta gagara, sai a ɗaure da ƙyalle mai faɗi a sama da raunin, ta wajen gangar jiki, ba a kan gaɓa ba, a murɗa da sanda ko sifana har jinin ya tsaya, a lura da lokacin da aka ɗaure, kada a kwance sai a asibiti. Ƙarfe ko gilashin da ya soke jiki kada a zare shi, domin wani lokaci shi ne ya toshe jijiyar. A tare gefensa da ƙyalle a bar shi. Kuma don Allah a daina zuba man birki ko fetur ko ƙasa ko garin taba a rauni. Ba sa tsayar da jini, nama suke kashewa, su kawo ruɓa. Ƙuna ma haka: ruwa mai tsabta a riƙa kwarara mata na minti 20, a rufe da ƙyalle mai tsabta. Ba manja, ba ɗanyen ƙwai, ba man goge baki.

Akwai abin da ya fi wuya a hana mutanenmu, saboda tausayi ne ke kawo shi: ba da ruwa. Mai rauni zai ce, “Ku ba ni ruwa,” kuma wa zai iya hana mai ƙishirwa? Amma wannan ƙishirwar sau da yawa alama ce ta jini yana zuba a ciki. In ya sha yana iya shaƙewa ko ya yi amai ya koma huhunsa, kuma in tiyata za a yi masa, cikin da ke ɗauke da ruwa ko abinci hatsari ne wajen allurar barci. A jiƙa masa leɓe kawai. Kada a kwara masa ruwa a jiki don ya farfaɗo, kada a girgiza shi, kada a tilasta masa zama. A lulluɓe shi ko da rana ce, domin wanda ya zubar da jini jikinsa yana saurin yin sanyi, sanyin kuma yana hana jini daskarewa. A zauna kusa da shi ana yi masa magana, a tambayi sunansa da lambar 'yan uwansa tun yana iya faɗa, a tuna masa Allah. Baki yana addu'a, hannu yana kan raunin.

Zan taɓo wani abu da ba a cika faɗa ba. Nakan ga an kawo maza an ɗaure musu rauni, mace kuwa an kawo ta jini na zuba babu wanda ya taɓa ta, saboda kunya da gudun abin da za a ce. Kunya abu ne mai kyau, amma wannan larura ce, kuma malamanmu sun san hukuncin larura; ku gayyace su tasha su faɗa da bakinsu. In akwai mace a cikin fasinjoji, a nuna mata abin da za ta yi. In babu, a suturta mai raunin da zane, a danne jinin. Mai juna biyu kuwa, ko ta ce ba ta jin komai, a kai ta a duba.

Haka duk wanda ya miƙe ya karkaɗe rigarsa ya ce, “Alhamdu lillahi, ni ban ji komai ba.” Saifa ko hanta na iya fashewa jini ya riƙa taruwa a ciki, mutum yana tafiya yana waya, bayan awa biyu ya yanke jiki ya faɗi. Wanda ya bugu a ka ma yana iya farfaɗowa ya yi hira, daga baya barci ya fara ɗaukarsa, ya yi amai, maganarsa ta rikice. Duk wanda ya suma ko da na ɗan lokaci ne, ko sitiyari ya doke shi a ƙirji ko ciki, ko aka ga yana gumi mai sanyi leɓensa ya yi fari, asibiti za a kai shi, ba gida ba. Kuma asibitin da ke da ɗakin tiyata da wurin ƙarin jini, ko da ya ɗan fi nisa, ba kemis na bakin hanya ba. Mai tuƙa su ya yi tuƙin hankali. Gudun fitar rai a kan ramuka yana ƙara wa mai karaya illa.

Karaya ta kawo ni ga masu ɗori. Ba na raina su, sana'a ce ta gado, kuma jama'a sun yarda da su. Amma karayar da ƙashi ya huda fata, da ta cinya, da ta ƙugu, da ta baya, ba aikin ɗori ba ne. Kuma mun sha ganin yaron da aka ɗaure wa hannu tamau a kan kumburi, jini ya daina zagayawa, yatsu suka yi baƙi, aka kawo shi lokacin da babu abin yi sai yankewa. A bakin hanya a tallafe gaɓar da katako ko kwali yadda aka same ta, kada a ja, kada a miƙar. A je a ɗauki hoton ƙashin tukuna. Muna da Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, da asibitocin koyarwa a Shika da Sakkwato da Maiduguri da sauransu.

Ranku ya daɗe, na san abin da direba zai ce in ya ji duk wannan: “Malam, ai ba rashin tausayi ke sa mu wuce ba, tsoro ne.” Gaskiya ne. Yana tsoron ya kai mutum asibiti a riƙe shi a ce shi ya buge shi, ko a ce sai ya kawo takardar 'yan sanda, ko sai ya ajiye kuɗi. To ya kamata kowane direba ya san cewa sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta wa kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin ba da taimakon gaggawa bisa kowane dalili, kuma hukuncin wanda ya saɓa tarar naira 100,000 ce, ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba, ko duka biyun. Ƙin karɓar wanda ya yi hatsari yana kuma cikin jerin laifukan da Hukumar Kiyaye Haɗurra ke hukuntawa. Dokar tana nan; abin da ya rage shi ne wanda zai tsaya mata. Direba ɗaya ba shi da murya a gaban kantar asibiti ko ta 'yan sanda, amma ƙungiya tana da ita. Ku zauna da kwamishinonin 'yan sanda da shugabannin asibitocin da ke kan manyan hanyoyi a yi yarjejeniya: direban da ya kawo mai rauni ya nuna katin ƙungiya, ya bar lambarsa, ya kama hanyarsa, in ana nemansa a bi ta ofishin ciyaman. A Indiya, Kotun Ƙolin ƙasar ta tabbatar da irin wannan kariya ga mai taimako a 2016, aka shigar da ita cikin dokar motoci a 2019. Kuna da 'yan majalisa da ke zuwa tasha neman ƙuri'a. Ku ɗora musu wannan.

Akwai kuma tsoron da ya fi wannan, na direban da shi ne ya yi karon. Yana gudu ne don kada a kashe shi a ƙona motar. Ba zan ce masa ya tsaya a cikin fusatattun mutane ba. Amma a koya masa cewa barin wurin don tsira da rai daban, ɓacewa daban: ya wuce kai tsaye zuwa ofishin 'yan sanda ko na jami'an kiyaye haɗurra mafi kusa, yana tafe yana kiran 122 don a je a ɗauki wanda ya buge, sannan ya kira ciyamansa. Ku kuma ku ziyarci hakimai da dagatai da limaman garuruwan bakin hanya. Duk mintin da aka ɓata ana dukan direba, yaron da aka buge yana kwance ba wanda ya kula da shi.

Ƙaramin karo na cikin gari, wanda ba a ji rauni ba, ba ya bukatar dogon bayani: a ɗauki hoton motocin da lambobinsu, a janye su daga kan titi, a karɓi lambar waya da takardun juna, sannan a yi maganar gyara ko inshora a gefe, ba tare da cin kwala ba.

Hoton da nake roƙon a hana shi ne na mutane. Yanzu kafin a miƙa hannu an miƙa waya. Uwa tana zaune a gida za ta ga gawar ɗanta a WhatsApp ko Facebook, tsirara, kafin kowa ya zo ya yi mata ta'aziyya. Wannan ba tarbiyyarmu ba ce. Mamaci yana da haƙƙin sutura, mai rauni yana da haƙƙin mutunci. Direba babba in ya daka tsawa a wurin, za a ji.

Wani zai ce direban da bai yi boko ba zai iya riƙe duk wannan? An gwada an gani. A Ghana, tsakanin 1998 da 2000, likitoci sun koyar da direbobin haya fiye da 300 taimakon farko a darasi na awa 6 kacal, ba da yawan rubutu ba, da gwaji a aikace da kayan da ake samu a ko'ina. Da aka sake tuntuɓar wasunsu bayan watanni, fiye da rabi sun ce sun riga sun yi amfani da abin da suka koya a kan hanya. A Jamus ma ba a ba mutum lasisin tuƙi sai ya halarci darasin taimakon farko. Mutumin da ke jin ƙarar inji ya gane abin da ya lalace, wanda ya haddace kowane rami daga Unguwa Uku zuwa Zuba, ba zai kasa koyon danne jini ba. Abin dai sai an gwada da hannu tun kafin ranar, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Masu koyarwa ba su da wuyar samu. Akwai Red Cross, akwai jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda tun kafa ta a 1988 wayar da kan direbobi yana cikin aikinta, akwai 'yan agajin Izala da na Fityanul Islam da na Jama'atu, akwai mu ma'aikatan jinya. Abin da babu a hannun kowa sai ku shi ne ikon tara direbobi. Ƙungiyar da ke iya hukunta wanda ya tsallake layi, tana karɓar kuɗin tikiti kullum, tana iya cewa ba a sabunta katin direba sai ya zauna darasin yini ɗaya, shi da yaron motarsa. Tana iya ware wani abu daga kuɗin tikitin a sayi ƙaramin akwati ga kowace motar dogon zango: safar hannu, bandeji, ƙyalle mai tsabta, almakashi, tocila, bargo. Ɗan kamasho ya duba shi tare da abin kashe gobara da alamar gargaɗi kafin a fara lodi. A manna 122 da 112 a jikin gilashi inda fasinja zai gani.

Sai takardar sunayen fasinjoji. A tashoshi da yawa ta zama al'ada kawai: wani ya rubuta suna ɗaya, wani ya ƙi rubuta lambar ɗan uwansa, takardar kuma ta tafi a cikin motar ta ƙone tare da ita. Mu ne muke kwana da mara lafiyar da ba a san sunansa ba, ana neman wanda zai sa hannu a yi masa aiki ko ya ba shi jini. A cika ta sosai, a taimaka wa wanda bai iya rubutu ba, kwafi ɗaya ya zauna a ofishin tasha, da lambar da za a iya kira dare da rana.

Ba sai an fara da jiha gaba ɗaya ba. A zaɓi tasha ɗaya mai dogon zango, ko Unguwa Uku a Kano, ko Kawo a Kaduna, ko Kwangila a Zariya, a tara direba 30 a ranar da lodi ya yi sauƙi, a shimfiɗa tabarmi, a kawo katako da zannuwa, kowa ya gwada da hannunsa. Bayan wata 6 a kira su a ji abin da suka gani a hanya, a gyara darasin da bakinsu. Ni da abokan aikina da dama a shirye muke mu zo a ranakun hutunmu, ba tare da an biya mu ba, in kun buɗe mana ƙofa.

Na gode da haƙurin karantawa. Allah Ya ƙara muku girma, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya sauki kowace mota lafiya.

Wassalam.

Naku,
Wani ma'aikacin jinya a sashen taimakon gaggawa